Kunnen Bahaushe Da Dogayen Kalmomin Turanci

'Yan uwa masu karatu, yau ba labarin kishiya ko na auren dole na zo muku da shi ba. Magana ce a kan wani abu da mutum zai ɗauka ƙarami ne, alhali yana cikin abubuwan da ke tare 'ya'yanmu a bakin ƙofar jami'a duk shekara, wato dogayen kalmomin Turanci: yadda ake yanka su gaɓa-gaɓa, da kuma gaɓar da ake dannawa idan an zo furta su. Malaman Turanci suna kiran wannan abu stress, ni kuwa zan riƙa ce masa danni don a sauƙaƙa. Ra'ayina tun daga farko shi ne, ɗan Bahaushe ba shi da ciwon kunne ko nauyin harshe a wannan fage. Hanyar da ake koya masa ce karkatacciya, jarabawar da ake auna shi da ita kuwa ta fi hanyar karkata.

Bari mu fara daga gida. Duk wanda ya san Funtuwa ya san unguwar Bisije, amma ba kowa ne ya tsaya ya tambayi inda sunan ya samo asali ba. Sunan wata ƙungiyar Turawa ce ta masu harkar auduga da aka kafa a birnin Mancesta na Ingila a 1902, British Cotton Growing Association, wadda ta kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi tun zamanin mulkin mallaka. Ƙirga gaɓoɓin wannan suna ka ji, goma sha ɗaya ne cur. Su kansu Turawan da suka ga ya yi musu tsawo sai suka taƙaita shi zuwa haruffa huɗu, BCGA. Kakanninmu da ke kai auduga a kan jakuna suka saurari haruffan nan, suka haɗe biyun ƙarshe, suka ce Bisije, gaɓa uku, magana ta ƙare. Ba su je makarantar boko ba, ba wanda ya riƙe musu alli a gaban allo.

Haka aka sake yi bayan 1975, lokacin da Bankin Duniya da gwamnati suka kawo shirin bunƙasa noma na Funtuwa tare da na Gusau da na Gombe, takin zamani ya shiga ƙauyukan Bakori da Faskari da Ƙanƙara da Malumfashi sosai. Takin da malaman gona ke ce wa compound, manomi ya ce kamfa. Wanda suke ce wa super, ya ce sufa. Har gobe idan ka shiga kasuwar Dandume ko ta Funtuwa da waɗannan sunaye za ka sayi taki, in ka ce za ka yi wa mai shago dogon Turanci sai dai ya bi ka da ido.

To, abin da nake so mai karatu ya lura da shi a nan shi ne, wannan yanka da Bahaushe yake yi wa kalmar Turanci ba da ka yake yin sa ba. Akwai abin da yake zubarwa, akwai abin da yake riƙewa. Ɗauki kalmar inspector. Gaɓa uku ce, in-SPEC-tor, kuma ta tsakiya Bature yake dannawa. Bahaushe ya zubar da ta farko wadda da ma da ƙyar ake jin ta, ya riƙe wadda ake dannawa, ya ce sufeto. Kalmar electric ita ma haka, e-LEC-tric, aka yar da wasalin farko, aka samu lantarki. Wadda ta fi burge ni ita ce superintendent, gaɓa biyar, su-per-in-TEN-dent. 'Yan sandanmu na farko da 'yan doka suka ji ta a bakin Bature, suka fitar da "in" ɗin nan mai rauni daga tsakiya, suka ce sufurtanda. Furta ta a hankali ka saurari muryarka, za ka ji ta yi ƙasa a su da fur, ta hau a tan, sannan ta sauka a da. Daidai inda Bature ya danna, nan Bahaushe ya ɗaga murya.

Kuma ba a kalma ɗaya ko biyu abin ya tsaya ba. Gwada direba, siminti, tumatir, kafireto. A kowace za ka ji murya ta hau a gaɓar da ke kusa da ta ƙarshe, kuma a Turancin Ingila nan ne dannin yake: DRI-ver, ce-MENT, to-MA-to, car-bu-RET-tor. Sai ka gwada soja, mota, gwamna, tebur, fensir, ka ji murya ta fara daga sama ta gangaro, domin SOL-dier da MO-tor da GOV-er-nor da TA-ble da PEN-cil duk a gaɓar farko ake danna su. Ban ce babu waɗanda suka kauce ba, akwai su, amma galibin kalmomin da muka ara ta hanyar ji da kunne a kan wannan turba suke. Ashe ke nan yaran mota da kanikawa da kuratan soja na zamanin da sun ci jarabawar da jikokinsu masu takardar sakandare ke faɗuwa a yau. Ita ma kalmar bakanike abin sha'awa ce, daga mechanic aka samo makanike, sai Bahaushe ya ga ai sana'a ce ta mutum kamar baduku ko bafada, ya sa mata ba a gaba, ya yi mata jam'i kanikawa, ta zama 'yar gida.

Dalilin wannan kaifin kunne ba ɓoyayye ba ne. Hausa harshe ne mai karin sauti, ga kuma dogon wasali da gajere. Yaro ɗan shekara huɗu ya san bambancin kuka na miya da kuka na hawaye, ya san wuya da ake rataya sarƙa da wuya ta wahala, ya san gari da ake shiga da gari da ake tuƙa tuwo da shi. A rubuce duk ɗaya suke, a kunne kuwa kowace da hanyarta. Kalmar fari kaɗai tana iya zama launi, ko rashin ruwan sama, ko ƙwarin da ke cinye amfanin gona, ko farkon abu, kuma ba ka taɓa jin manomi ya rikice a kan wadda ake nufi ba. Saboda wannan hawa da saukar murya ne ma mai kalangu ke iya kiran sunan mutum da kirarinsa ba tare da ya buɗe baki ba. Batun yanka kalma gaɓa-gaɓa kuwa, wanda ya yi zaurance yana yaro ya riga ya iya. Yarinyar da za ta juya "zo mu tafi" ta ce "zodo mudu tadafidi" cikin sauri don kada yayanta ya gane, ta san inda kowace gaɓa ta fara da inda ta ƙare, ko da ba ta san sunan abin ba.

Inda harsunan biyu suka raba hanya shi ne ginin gaɓar kanta. Gaɓar Hausa iri uku ce kawai: baƙi da gajeren wasali, ko baƙi da dogon wasali, ko kuma baƙi da wasali da wani baƙin ya rufe. Fun-tu-wa, Ma-lum-fa-shi, Dan-du-me, Mas-ka. Ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere; su sh da ts da kw da gy sauti ɗaya ne da aka rubuta da haruffa biyu. Turanci kuwa yana iya jera baƙaƙe uku kafin a kai ga wasali, kamar a street da spray, ya kuma tara wasu a ƙarshe. Kalmar strengths haruffa tara ce amma gaɓa ɗaya tak. Shi ya sa idan kalma ta shigo mana muke cusa wasula a tsakanin baƙaƙen don harshe ya sami wurin taka ƙafa. Bread mai gaɓa ɗaya ta zama burodi mai uku, plug ta zama fulogi, clutch ta zama kuloci, screwdriver mai gaɓa uku ta miƙe ta zama sukurudireba mai shida. Wannan ba kuskure ba ne matuƙar Hausa ake yi. Kowane harshe haka yake yi wa baƙon kalma, su ma Turawan ai Kano da Sakkwato da Zazzau ba yadda muke faɗa suke faɗa ba.

Bambanci na biyu ya fi wannan girma, kuma shi ne ba a gaya wa yara. A Hausa kowace gaɓa ana ba ta haƙƙinta, wasalinta ya fito sarai ko murya ta hau ko ta sauka. A Turanci kuwa doguwar kalma kamar gandu take, maigida ɗaya ne, sauran duk suna rusuna masa. Gaɓar da aka danna ita ce ke fitowa da ƙarfi da tsawo da ɗaga murya, wasulan sauran sai su shaƙe su koma wani ɗan guntun sauti da ba a ce masa a ba, ba a ce masa e ba, wani lokaci ma su ɓace ɗungum. Comfortable a takarda kamar gaɓa huɗu ce, a bakin mutumin Ingila yawanci uku ce, COMF-ta-ble. Vegetable ita ma uku, VEG-ta-ble. Chocolate biyu, Wednesday biyu. Yaron da ya koyi karatun boko da Hausa ya saba da cewa abin da aka rubuta shi ake faɗa, don haka da ya ga wasali biyar a kalma sai ya ba kowanne rabonsa. Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya taɓa ce masa a Turanci ana ƙirga gaɓa da sautin da kunne ya ji ne, ba da harafin da ido ya gani ba. Kakansa da bai ga takarda ba bai faɗa wannan rami ba, shi da ya gani shi ne ya faɗa.

Wani zai ce ai dannin Turanci ba shi da ƙa'ida, sai dai hadda. Wannan magana rabin gaskiya ce. A gajerun kalmomi lallai akwai rikici, amma dogayen da ke tsorata yara su ne ma suka fi bin doka, domin wutsiyarsu ce ke nuna inda za a danna. Duk kalmar da ta ƙare da tion ko sion, kusan kullum gaɓar da ke gabanta ake dannawa: ir-ri-GA-tion, ex-am-i-NA-tion, as-so-ci-A-tion. Masu ƙarewa da ic da ity da ical ma haka: e-co-NOM-ic, e-lec-TRIC-i-ty, po-LIT-i-cal. Ka ga da wannan ƙa'ida ɗaya yaro ya kama ɗaruruwan kalmomi a hannu. Akwai 'yan tawaye kamar AR-a-bic da POL-i-tics, amma ba su da yawan da za su gagari hadda.

Kalmomin aikatau masu ƙarewa da ate ko ize ko fy su ne inda mu 'yan Nijeriya, Kudu da Arewa, muka fi sauka daga layin Ingila. Mukan kai dannin can ƙarshe, mu ce educATE, cultivATE, organIZE. Su kuwa daga ƙarshe suke ƙirgowa baya, su danna gaɓa ta uku: ED-u-cate, CUL-ti-vate, IR-ri-gate, OR-gan-ize, com-MU-ni-cate, i-DEN-ti-fy. Haka biology da geography da photography, a ta uku daga ƙarshe: bi-OL-o-gy, ge-OG-ra-phy, pho-TOG-ra-phy. Kalmar takin nan namu da muke ji kullum a rediyo ana cewa fertiLIzer, a ƙamus FER-ti-li-zer ce, domin daga FER-ti-lize ta fito, kuma wutsiyoyi irin su er da ing da ment da ness da ly ba sa motsa danni daga inda yake. De-VEL-op, de-VEL-op-ment. GOV-ern, GOV-ern-ment. Wasu wutsiyoyin kuma su ne ke janye dannin zuwa kansu, kamar en-gi-NEER da ref-u-GEE, kuma in ka saurari injiniya a bakin Bahaushe za ka ji murya ta sake hawa a ni ɗin nan kafin ta sauka. Committee ce ta yi mana wayo, a Ingila com-MIT-tee ce, amma kwamiti namu a ƙarshe muke ɗaga ta, alamar daga bakin akawu ɗan ƙasa muka karɓe ta ba daga bakin Razdan ba. Wannan hasashena ne dai.

Abin da ya fi ɗaure wa yaro kai shi ne ganin danni yana ƙaura a cikin dangin kalma ɗaya. AG-ri-cul-ture a farko, ag-ri-CUL-tur-al a tsakiya. PHO-to-graph, pho-TOG-ra-pher, pho-to-GRAPH-ic. Wani lokaci ma haruffan ba sa canzawa ko ɗaya, ma'ana ce ke canzawa: PRO-duce amfanin gona ne, pro-DUCE samar da abu ne, EX-port kayan da aka fitar, ex-PORT fitar da su, REC-ord abin da aka adana, re-CORD adanawar. Malami zai yi ta fama da wannan darasi mako guda yara na kallon sa. Da zai ce musu, "Kun ga kuka da kuka? To haka PRO-duce da pro-DUCE suke," wallahi da minti biyar ya isa.

Yanzu sai mu zo kan jarabawa, inda nake da ƙorafi na gaske. A jarabawar Turanci ta hukumar WAEC akwai takarda ta uku da ake kira Test of Orals, tambayoyi 60 cikin minti 45. Sunanta gwajin furuci, amma ba a furta komai a cikinta. Ɗakin jarabawa shiru kamar an yi mutuwa, wanda ya motsa leɓe ma mai tsaro zai zarge shi da satar amsa. Ana rubuta kalma ɗaya sau huɗu, kowane karo an sa wata gaɓa da manyan haruffa, a ce yaro ya zaɓi daidai ya cike da fensir. Hukumar NECO da aka kafa a 1999 ita ma ta bi sahu, JAMB ma tana saka irin waɗannan tambayoyi. Kuma kowa ya sani, ba kiredit a Turanci ba shiga jami'a, ko da kuwa Hausa ko Larabci ko aikin gona yaro zai je ya karanta.

Me wannan ya haifar? Hadda irin ta aku. Na taɓa samun 'yar ƙanwata, tana ajin ƙarshe a wata makarantar kuɗi, ta baje takardun tsofaffin tambayoyi a tabarma tana haddace amsoshi, wannan B ce, waccan D ce. Na ɗauki kalma ɗaya daga ciki na ce ta faɗa mini da baki. Ta dube ni ta ce, "Ai ba a tambayar mu faɗa, zaɓa kawai ake yi." Na tambaye ta ko malaminsu yana furta musu kalmomin a aji, ta ce yana rubutawa a allo da manyan haruffa su kwafa. Ban ga laifin yarinyar ba, malamin ma ban cika ganin laifinsa ba, domin shi ma haka aka koya masa, ga aji ya cika maƙil, ga albashin da ba ya kai shi tsakiyar wata sai ya haɗa da gona. Amma iyayenta kuɗin masara da waken suya suke kwasa duk zango suna kaiwa, a shekarun da taki ya yi tsada, wasu gonakin wajen Faskari da Sabuwa ma ba sa nomuwa saboda 'yan bindiga. A ce bayan wannan duka abin da aka saya shi ne B da D?

Abin mamaki, mu ne mutanen da suka fi kowa sanin yadda ake koyar da sautin baƙon harshe. Larabci ba harshenmu ba ne, yana da haruffan da babu su a Hausa, yana da madda da shadda da gunna. Amma a makarantar allo yaro na farawa da babbaƙu, ya wuce farfaru, ya zo ya haɗa, kuma duk a bakin malam yake karɓa, malam ya biya ya maimaita, ya karkace a gyara masa nan take. A Islamiyya ma tajwidi da baki ake yin sa. Tun 1986 Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shirya musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, 'ya'yan talakawa daga garuruwa irin namu suna zuwa suna karatu alƙalai na saurare. Ka taɓa jin an raba wa masu musabaƙa fensir an ce su zaɓi inda madda take tsakanin A da D? Da an yi haka da garin nan kaf ya yi dariya. To don me idan an zo kan Turanci muke yarda da abin da ba za mu yarda da shi a can ba?

Ko a bokon ma ba haka aka faro ba. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda daga baya ta koma Kaduna, ta koma Zariya ta zama Barewa, ta yi suna ne a kan iya furucin Turanci. Sardauna Ahmadu Bello a can ya yi karatu, haka Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda saboda daɗin Turancinsa aka riƙa yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Kuma wannan mutum shi ne ya rubuta Shaihu Umar da Hausa tsantsa, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933. Turancinsa bai ci Hausarsa ba, Hausarsa ba ta hana shi Turanci ba. Na san za a ce ɗaliban wancan lokaci 'yan kaɗan ne zaɓaɓɓu, kuma malamansu Turawa ne. Gaskiya ne. Amma abin da suka samu shi ne jin kalma a bakin wanda ya iya, kuma yau wannan ba sai an ɗauko Bature daga Ingila ba. Wayar da ke aljihun malami tana iya furta masa kowace kalma sau ɗari. Ko ƙamus na takarda irin na Oxford yana sa wata 'yar sanda ƙarama a sama kafin gaɓar da ake dannawa, sai dai ɗalibai nawa ne aka taɓa nuna wa amfanin 'yar sandar nan? Da yawa suna ɗauka dattin bugu ne.

Akwai masu cewa a bar wannan wahala, Turancin Nijeriya ma Turanci ne, mu danna inda muka ga dama. Ina tare da su rabin hanya. Su kansu masu harshen ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, mutumin Ingila ya ce la-BOR-a-tory, na Amurka ya ce LAB-ora-tory. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da wasu kalmomin Nijeriya, har da Kannywood a ciki. Don haka ba na ganin dalilin da zai sa a yi wa dattijo dariya a taro don ya ce fertiLIzer, ko a mai da p da f na Bahaushe abin barkwanci, alhali mai dariyar shi ma yana da nasa tuntuɓen. Na ga yaran da suka san amsa a aji amma suka haɗiye ta don tsoron kada a kwaikwayi bakinsu, kuma wannan asara ta fi ta maki. Sai dai fa mai duba takardar jarabawa ba ruwansa da wannan muhawara, amsar da ke hannunsa ta ƙamus ce. Matuƙar haka abin yake, ɓoye wa ɗan talaka ƙa'idar da sunan kishin harshe zalunci ne, domin ɗan mai kuɗi yana can Abuja ko Kaduna yana jin ta a gida da makaranta.

Gwamnati kuwa sai kai-komo take yi da mu. A ƙarshen 2022, zamanin minista Adamu Adamu, aka amince da manufar koyar da yaran firamare da harshen uwa har aji shida. A watan Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke ta, aka ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga tushe, wai saboda yawan faɗuwa jarabawa. Ni a ganina ba a ma gwada ta farkon ba balle a ce ta gaza, domin ban ga littattafan da aka buga ko malaman da aka horar dominta a ƙauyukanmu ba. Kuma a wannan darasi na danni, hana malami yin Hausa a aji kamar ƙwace wa manomi fartanya ne a ce ya yi noma da farce. Hanya mafi kusa zuwa ga su-per-in-TEN-dent ta kan sufurtanda ta bi. Malami ya rubuta kalmomin aro ashirin a allo, direba, sufeto, siminti, kanti, gwamna, ya sa yara su faɗa suna tafa hannu a kowace gaɓa, su gano da kansu inda murya ta hau, sannan ya kawo ta Turancin ya ajiye kusa da ita. Daga nan ya nuna musu wasulan da Hausa ta cusa, su cire, ya nuna musu waɗanda Turanci ke shaƙewa, su shaƙe. Wannan ba ya bukatar kwangila ko kwamiti daga Katsina.

Mu marubuta ma akwai namu kason a ciki, tunda littattafanmu su ne abin da 'yan mata da matan aure da yawa suka fi karantawa bayan sun bar makaranta. Ya zama yayi a nuna wayewar tauraron labari ta hanyar cika masa baki da Turanci, shi likita ne ya dawo daga Landan, ita kuma 'yar jami'a ce, sai ka ga rabin shafi Ingausa. Ban ce a daina ba, haka mutane ke magana a Kano da Kaduna, labari kuwa madubi ne. Amma a tuna littafin nan ba ido kaɗai ke cin sa ba. Ana karanta shi a rediyo, ana karanta wa kishiyoyi da maƙwabta a tsakar gida, yanzu kuma ana naɗar sa a murya ana sa wa a YouTube. Duk doguwar kalmar da ka jefa, wani ne zai yi karo da ita da bakinsa a gaban jama'a. Idan Hausa ta riga ta ari kalmar, a rubuta ta yadda muke faɗa, asibiti, sakandare, kwamishina, injiniya, ba sai an koma an tono rubutun Turancinta don burgewa ba. Idan kuma dole sai ta Turancin, to a rubuta ta daidai, don kada mai karatu ta haddace gurguwa ta kai ɗakin jarabawa.

Masu buga mana littattafai a kwamfuta su ma sai an sa musu ido wajen raba kalma a ƙarshen layi. Na sha ganin an yanka kalmar Hausa inda ba gaɓa, a bar s a sama a kai h ƙasa a cikin Malumfashi, ko a raba t da s a cikin tsakani da Katsina, saboda na'urar da ƙa'idar Turanci aka saita ta, shi kuma mai bugun yana sauri ya kai aiki Kasuwar Sabon Gari. Kafin a kai wa mai inji, marubuci ya karɓi shafukan ya bi ƙarshen layukan ɗaya bayan ɗaya da biro, duk inda aka raba sh ko ts ko ƙw ko gy ya sa a mayar masa da su wuri ɗaya.